Inna ta sa wa koren wake kanwa

Yaya Binta,

Gaisuwa mai yawa daga unguwar Waziriyya. Ya gida, ya yara, ya ƙafar maigidan?

Inna ta ƙone. Koren waken soya mai kwasfa na ciro daga firiza, wanda minti biyar a ruwan gishiri ya ishe shi. Ina juya baya ta zuba masa kanwa, ta ɗaure shi a tukunyar nan mai kulle tururi, mai fito. Kumfa ta toshe kafar fitar tururin, tukunya ta tarwatse. Murfin ya ragargaza taga, tafasasshen ruwa ya saluɓe mata fatar hannu. Har muryata ta dushe don ihu.

Ku sa mu a addu'a, a gaida yara. Ki kira ta, ni halas, shi ke nan, na gaji: da bandeji a hannu, cewa take kanwar ce ta yi kaɗan.

Ƙanwarki,
Hadiza