Bangon Ɗakinki, Inna

Unguwar Shanu, Kaduna.

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. To, ko da kina da rai ma yaushe kika taɓa karanta takarda? Sai dai ki miƙo mini ki ce in faɗa miki abin da ke ciki, ban da surutu. Yau kam sai haƙuri, surutun zan yi, don cikina ya cika kuma ba ni da wanda zan amayar wa sai ke.

Gida lafiya lau. Kajinki suna nan, sun fi mutanen gidan ƙiba. Ruwan bana ya yi yawa, kwatar ƙofar gida ta sake cika har zaure. Baba Asabe ta daina suyar ƙosai saboda ciwon gwiwa, jikarta ce ke yi yanzu, kuma wallahi ba ta iya ba. Babban labari shi ne Nura ɗan Yaya Sabi'u zai yi aure bayan Babbar Sallah. Yarinyar mai hankali ce, ba ni da abin cewa a kanta. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ɗakinki aka ce za a sa ta. Danginta har sun zo sun auna inda gado zai zauna da inda za a kafa kabet. Yaya ya ce kafin ranar jere sai an shafe bangon da fenti. Bangonmu fa, Inna, wanda muka zana unguwa a jikinsa ni da ke.

Kin tuna yadda aka fara? Bayan ɓarin jikinki ya shanye aka dawo da ke daga asibiti, kika kwanta kina kallon bango, ke da ba a biki ko suna a unguwar nan ba a gan ki a bakin tukunya ba. Wata rana ina ba ki kunu kika tambaye ni, in mutum ya fita ƙofarmu zai je gidan Asabe, dama yake yi ko hagu. Gidan aminiyarki, da kike zuwa ko mayafi ba kya gyarawa? Na je murhu na ɗauko gawayi, na ja layi a bango daga ƙofarmu zuwa tata. Kika ƙura wa layin ido, can kika ce ƙarya nake, na tsallake lungun mai niƙa. Ranar na fara jin muryarki ta faɗa tun da kika kwanta, na ji daɗi kamar an biya mini kujerar Makka.

Daga nan muka samu abin yi. Kina kwance kina ba da umarni, ina tsaye a kan turmi ina zanawa. Da gawayi ya fara gogewa sai na koma jar ƙasa da ƙaro don hanyoyi, bular wanki don kwatoci, ragowar lallen da nake yi wa amare don gidaje. Kika kafa mini doka: ban da mai rai, ko ƙadangare ne, don ba za ki kori mala'iku daga ɗakinki a kan shirmena ba. Shi ya sa kowa da kayansa muka sa shi. Asabe kaskon suya ce. Marigayi Baba butarsa ce, a gefen tashar Kawo inda yake lodi, inda kika ce nan kika sauka daga Katsina da kwalla a ka. Gidan Malam allo ne da alƙalami. Ni kika ce a sa almakashi, wai don bakina. Yaya Sabi'u kuwa takalmi ƙafa ɗaya ne, wanda ruwa ya tafi da ɗan'uwansa a kwata yana ƙaramin yaro, ya dawo yana ihu kamar an yanka shi. Da na ce ke me zan sa miki, kika ce ke ai kina nan kwance, duk mai son ganinki ya juyo.

Duk mai ilimin taswira in ya gani sai ya riƙe baki. Rijiyar gidanmu ta fi asibiti girma, don kin ce ta fi shi amfani. Malali gaba ɗayanta ba ta kai faifai ba, tunda gidan mutum ɗaya kika sani a can. Kogin Kaduna na can ƙasa dab da daɓe, kika ce in tsaya nan, ba ki ajiye komai a ƙetare ba. Kusurwa ɗaya ce kika hana ni taɓawa, ta wajen hanyar maƙabarta. Kika ce a bar ta fara, ba yanzu ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba, kuma ya kamata ki sani. Matan Malali da ke rububin lallena suna tambaya ina nake samo zane, ko a waya ne. Ina fa waya! Shatin tsintsiyarki ne a tsakar gida bayan sharar safe. Yadda kike jera kwanoni ne, babba a ƙasa ƙarami a sama. Kitson da kike yi mini ne kina zungurin ƙeyata. Kin rayu kin koma ga Allah kina cewa ba ki iya komai ba sai tuƙin tuwo, alhali hannunki ne a hannuwan amaren rabin Kaduna. Na so in faɗa miki, amma na san abin da za ki ce: in tashi in ɗora ruwa.

To wannan bangon ne Yaya yake kira shirme. Wai surukai za su ce gidan mahaukata aka kawo musu 'ya. Wai in ɗauka a waya in ajiye, ai duk ɗaya ne. Duk ɗaya ne, Inna? Waya za ta ɗauki maiƙon yatsanki a kan gidan Asabe, inda kike dangwalawa da hannunki mai lafiya har wurin ya yi baƙi? Na ce masa ga ɗakina a ba Nura, ni in koma naki. Ya ce nawa akurki ne, gadon amarya ba zai shiga ba. Na ce to a rabon gado ban son ɗaki, ban son fili, a yanka mini bangon nan shi ne rabona. Ya yi dariya, ya ce ba a taɓa yi ba. Na ce a fara daga kaina. Ya ce ba ni da kunya. Na ce a nono na sha, ya je ya tambaye ki.

Ranar Asabar ya turo mai fenti da bokitai da tsani. Tun daren Juma'a matar Yaya ta tsegunta mini, Allah Ya yi mata albarka. Kin san me na yi? Ban yi kuka ba, ban yi zagi ba. Da sassafe na bi gida-gida na ce wa mata ana so a shafe unguwar Inna, duk mai son ganin gidanta a bango ta zo yau. Inna, da kin ga ikon Allah! Baba Asabe da sandarta, matar Malam, matan lungun mai niƙa, har waɗanda kuka yi shekaru ba kwa ga maciji. Takalma suka cika ƙofar ɗakinki har bakin rijiya. Na dama kunu, na shimfiɗa tabarmi.

Mai fenti ya yi sallama a zaure, aka ce masa da mata a ciki. Ya zauna. Yaya ya iso yana huci, ya yi sallama, Baba Asabe ta amsa daga ciki ta ce masa matan mutane ne cike da ɗaki, wasu sun ajiye mayafi, in yana da hali ya shigo. Wa ya isa? Duk zafin kan Yaya bai taɓa ɗaga labulen ɗakin da matan aure suke ba, ke kika yi masa wannan tarbiyyar. Ya aiko a ce su fito. Matar Malam ta ce a gaya masa ba su gama yi wa mamaciya addu'a ba. Kuma sun yi addu'ar, don kar ki ce mun yi ƙarya da sunanki. Bayan an shafa addu'a sai musu ya ɓarke a kan zanen. Wannan ta ce an matse mata gida, waccan ta ce bishiyar mangwaron ba a nan take ba. Asabe ta ga kaskonta da baƙin yatsanki a kai, ta zauna ta yi kuka har da majina. In wata ta tashi ɗora girki sai wata ta maye gurbinta. Har la'asar mai fenti na zaure, ya ci tuwonmu, ya kwashe bokitansa ya tafi.

Da mata suka watse Yaya ya shigo, ya cika fam. Ya buɗe baki zai fara, sai idonsa ya sauka a kan hanyar Hayin Banki, wadda ta taso daga gidansa zuwa namu. Kin san yadda take, ta fi kowace hanya kauri, kamar muciya. Ya ce ko a nan ma ga shirme, yaushe lungunsu ya fi titin Kawo faɗi. Na ce masa duk Juma'a in an sauko masallaci kina sa ni in sake bin layin nan da jar ƙasa, wai don kar ya dushe, ko Sabi'u zai biyo. Na ce ya dubi kaurinsa ya san Juma'ar da bai zo ba. Eh, na faɗa masa, Inna. Kin hana ni faɗa kina da rai, kina cewa direba ne, hanya ce ta riƙe shi. Yanzu ba kya nan balle ki harare ni, kuma ban yi nadama ba.

Ya bi layin da ido har ya kai kan takalminsa ƙafa ɗaya, ya daɗe a tsaye. Sai na nuna masa farar kusurwar nan. Na ce duk lungun da ke unguwar nan na san shi, na zana shi, amma ban san inda uwata take kwance ba. Ranar da aka fita da ke iyakata zaure, kamar kowace mace. Maza suka ɗauke ki, su suka dawo da ƙasa a ƙafa. Na ce masa wuri ɗaya ne ya sani ban sani ba, in zai shafe mini bango ya fara biya na wannan. Na miƙa masa kwanon jar ƙasa.

Na ɗauka zai watsar. Sai ya naɗe hannun riga ya tsoma yatsa. Ya ja hanya daga bakin titi, layin ya karkace kamar na ɗan koyo. Ya ce in an shiga ƙofa ana yin hagu, a wuce wata bishiyar dalbejiya, kina daga gabas da ita, kusa da katanga. Ya dangwala yatsa a wurin. Ya ce yana zuwa kabarinki duk Juma'a. Na ce masa ya makara. Ya ce ya sani.

Kar ki ɗauka mun shirya. Yana sa takalmi a ƙofa ya ce maganar fenti na nan, an riga an yi wa mutane alkawari, mai fenti zai dawo. Na ce Allah Ya kawo shi lafiya, akwai tuwo. Mata sun riga sun raba kwanaki a tsakaninsu, Asabe ta ce ko a baro ne a turo ta. Duk ranar da ya zo zai tarar da takalma a ƙofa. Na kuma aika wa amaryar ta zo da kanta ta ga bangon, in ta ce a shafe sai ta faɗa a gaban Asabe.

Jiya na hau turmi na zana muciyarki a inda Yaya ya dangwala, wadda bakinta ya cinye ta gefe ɗaya. Kin ce ba yanzu ba, to yanzu ya yi. Kowa ya cika a bango, har ke. A zo a shafe in gani.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Sai na zo, yanzu na san hanya.

Taki mai bakin almakashi,
Bilki