Sharhin da Na Rubuta a Ƙarƙashin Hoto na Goma Sha Bakwai

Anti, don Allah ki taimake ni, yau sati uku ke nan ina yawo da abu a ƙirjina na rasa wanda zan faɗa wa. Ranar Asabar abin ya faru, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, a zauren ɗakin karatu na unguwarmu. Har yanzu ina tuna yadda fankar sama take kaɗa hotunan da aka jera a jikin igiya. Na shiga wurin ina jin kaina wata tsiya, na fito ina roƙon ƙasa ta tsage in shige.

Bari in faro miki daga tushe. Shekarata ɗaya da rabi da aure. Maigidana mai aikin wayarin wutar lantarki ne, tun safe yake fita, ni kuma da na gama aikin gida sai littafi. Littattafan soyayya nake nufi, ba na ɓoyewa. Har wani ɗan littafin rubutu gare ni da nake kwafe maganganun da suka burge ni, musamman irin waɗanda jaruma take yaɓa wa mai girman kai ta bar shi tsaye baki sake. Maigidana Marubuciya yake kirana don tsokana, wai ko makulli ya tambaye ni sai na ba shi amsa mai babi uku.

Bayan karatu, ina son ɗaukar hoto da waya. Bara ɗakin karatun ya shirya gasar hoto ta masu koyo, na shiga da hoton ruwan sama a gilashin tagarmu, na zo ta biyu. Bana sai mai kula da wurin, wanda muke kira Malam Shiru saboda kullum yatsansa na kan leɓe, ya sa ni cikin mutum biyar da za su yi wa hotuna sharhi. Kowane hoto lamba ce a jikinsa, babu suna. Mu rubuta, shi ya buga a na'ura, ranar baje koli a maƙala kowane sharhi a ƙarƙashin hotonsa, shi ma babu sunan wanda ya rubuta. Ya faɗa mana fiye da sau ɗaya cewa manufar ita ce mai hoto ya ƙaru.

Na ji shi, Anti, amma ba abin da ke raina ke nan ba. Ni dai na hango mutane tsaye suna karanta rubutuna suna tambayar juna wace ce wannan mai kaifin alƙalami. Hotuna takwas aka ba ni. Na baza su a kan gado, na buɗe ɗan littafin nan nawa a gefe.

Taken gasar shi ne "Wurin Aikina". Hoto na goma sha bakwai tebur ne, duk ya yi dishi-dishi, ya karkace, hasken taga ya cinye rabinsa. Akwai wasu ƙananan abubuwa masu zagaye a kai, na ɗauka murafen kwalba ne. Ko minti ɗaya ban yi ina kallonsa ba, saboda tuni maganar ta zo mini, kuma ta yi mini daɗi a baki. Ga abin da na rubuta, kalma da kalma: "An ce wurin aiki, amma mai hannun da ke rawa haka ban san wane aiki za a ba shi ba. Shawarata gare shi, ya ajiye waya ya je ya huta." Har dariya na yi ni kaɗai a ɗaki.

Ranar baje koli na riga kowa zuwa. Ina tsaye ina sauraron wasu mata biyu suna karanta wancan sharhin suna ƙyalƙyala dariya, kaina na ƙara kumbura, sai ga maigidana ya shigo riƙe da hannun mahaifinsa. Ashe Baba ya shiga gasar, suka haɗa baki suka ɓoye mini don su ba ni mamaki.

Baba mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana zaune a wani ɗan shago da ban taɓa shiga ba. Hannunsa ne ya fara rawa, har ya kai ba ya iya riƙe ɗan ƙaramin sukurun da ke cikin agogo, dole ya bar sana'ar watanni shida da suka wuce. Maigidana ya saya masa waya don ya rage zaman shiru. Wancan hoton teburinsa ne, ya ɗauka daga baya, safiyar da ya koma shagon zai kwashe kayansa ya miƙa makulli. Abin da na kira murafen kwalba agoguna ne da masu su ba su dawo sun karɓa ba.

Ina kallo ya nemo lambarsa, ya sa tabarau, ya matsa kusa. Ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya cire tabarau zai mayar aljihu, hannun ya kuskure aljihun, maigidana ya karɓa ya sa masa. Cewa kawai ya yi ƙafarsa na ciwo, a mai da shi gida.

Da muka dawo maigidana ya cika ya yi fam, ban taɓa ganinsa haka ba. Ya tambaye ni cikin mu biyar wa aka ba lamba sha bakwai. Anti, na dubi tsabar idonsa na ce ban sani ba, ba ta cikin nawa. Har taya shi na yi, na ce wanda ya rubuta ba shi da tarbiyya.

Ban gama da wannan ba, sati na zagayowa muka je gaida Baba. Bayan mun gaisa ya zaro wata takarda daga ƙarƙashin matashi. Ashe ya haddace sharhin, ya rubuta da hannunsa, layukan duk sun hau juna. Ya miƙo mini ya ce tunda ni na san harkar, in faɗa masa tsakani da Allah ko akwai abin da ya rage masa ya gyara, ko kuwa ya haƙura. Ya ce bai ga laifin mai rubutun ba, ai gaskiya ya faɗa. Na sunkuyar da kai na ce hoton ya yi kyau. Ya yi murmushi irin na wanda ya san lallashinsa ake yi. Daga baya na ji ya ba ƙanwar maigidana wayar, wai ita za ta fi yi wa amfani.

Tun daga ranar ko littafi na buɗe ba na gane abin da nake karantawa. A littafi in jaruma ta yi irin wannan kuskuren, shafi biyu take kuka a yafe mata, ni kuwa ga shi ina dafa wa mutum abinci ina zuba masa, yana gode mini, yana ba ni labarin yadda zai yi da wanda ya wulaƙanta ubansa. Sau biyu ya je wurin Malam Shiru neman suna, Malam ya ce doka ta hana. Amma jiya da na je mayar da littafi Malam dubana kawai ya yi ta saman tabaransa.

In na faɗa wa Baba, ina ganin ciwo biyu zan ji masa, domin zagin baƙo daban, na matar ɗanka daban. In na faɗa wa maigidana, ta ina zan fara, ta sharhin ko ta ƙaryar? In na yi shiru kuma, har yaushe? Abu ɗaya dai na yanke. Na rubuta takardar barin ƙungiyar masu hoto ta ɗakin karatun da nake ciki, tana cikin jakata, ranar Litinin zan kai.

Taki,
Wadda ta kasa ɗaga kai

Amsa

'Yata, ki bar takardar nan a jaka tukuna. Barin ƙungiya hukunci ne da kika yanke wa kanki don ki ji sanyi, amma ba zai mayar da waya hannun Baba ba, kuma ba zai goge abin da kika faɗa wa mijinki ba.

Ba zan rufe ki da faɗa ba, kin riga kin yi wa kanki wanda ya isa. Amma ki lura da abu guda. Da lamba sha bakwai ta wani ce da ba ki sani ba, da har yau kina alfahari da wancan layin. Kowace lamba a igiyar nan uban wani ne ko 'yar wani. Saboda haka ki nemi sauran sharhi bakwai ɗin da kika rubuta ki sake karanta su da idon da kike da shi yanzu. Ina zargin akwai wani a cikinsu da shi ma ya koma gida da ciwon ƙafa.

Da mijinki za ki fara, kuma cikin satin nan. Gara ya ji daga bakinki da ya ji a wani wuri, kin kuwa ga alamar maganar ba za ta daɗe a rufe ba. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta. Ki faɗa a gajarce: ni na rubuta, kuma na yi maka ƙarya saboda tsoro. Kada ki yi mata ado, kada ki kawo uzurin cewa ba ki san na Baba ba ne, domin wannan ba uzuri ba ne. Zai yi fushi, yana da haƙƙi. Wataƙila ƙaryar ta fi sharhin yi masa zafi. Ki bar shi ya huce a lokacinsa, kada ki sa shi lallashinki.

Maganar Baba kuwa, na fahimci tsoronki, kuma ba tsoron banza ba ne. Akwai neman afuwar da mai yi ne kawai yake samun sauƙi, wanda aka yi wa ya tashi da sabon nauyi. Mijinki ya fi ni da ke sanin zuciyar mahaifinsa, ku auna tare. Amma in ra'ayina kike so, ki faɗa masa. Dattijon nan ya ɗauki maganar a matsayin hukuncin masani. Ya kamata ya san cewa ta fito ne daga wadda ba ta yi minti ɗaya tana kallon hoton ba, wadda ta ga agogo ta ce murfin kwalba. Jin hakan zai rage wa maganar nauyi a ransa fiye da duk wani lallashi.

Sannan ya yi miki tambaya, kika ba shi amsar da ba ta da amfani. Cewa hoto ya yi kyau alhali mai shi ya san bai yi ba, rashin kallo ne shi ma, kamar na farko. Ki karɓo hoton wurin Malam Shiru ki zauna da shi minti goma. Ki fara gaya wa Baba abin da kika gani a ciki da abin da ya yi daidai, misali zaɓen teburin a irin wannan rana. Ki tambaye shi me ya so mai kallo ya gani. Daga nan ki kawo gyara ɗaya ko biyu da zai iya yi gobe, a kan hoton, ba a kan jikinsa ba. Rawar hannu tana da dabara. Ya kafa gwiwar hannu a tebur, ko ya jingina wayar da littattafai, ya saita ta ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa uku. Ya bar taga a gefensa maimakon a gabansa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana aikin natsuwa zai kama wannan cikin yini guda. A karɓo wayar daga wurin ƙanwar mijinki, ku gwada tare a tsakar ɗakinsa. In ya ce ba ya so, kada ki matsa, ki bar masa ƙofa a buɗe.

Ki kuma ba Malam Shiru shawara cewa daga yanzu duk mai sharhi ya sa sunansa, kuma a miƙa wa mai hoto a hannu maimakon a rataye a bainar jama'a. Mutum yakan tauna magana sosai in ya san sunansa na ƙasanta.

Littattafanki ba su yi laifi ba, ki ci gaba da karatunki. Kina da alƙalami, wasiƙarki ta nuna, domin kin sa na ga tabarau ɗin nan yana kuskure aljihu kamar ina wurin. Wadda ta iya lura haka za ta iya yin sharhi mai amfani in ta ba hoto lokacinsa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciyar furtawa, ya sassauta zuciyar mijinki, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Antinki