Abin da Za Ki Faɗa wa Baffan Nahla

Adda Dudu,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya mutanen Dubeli?

Ina lafiya. Sanyin Jamus ne dai ke cin gwiwata, amma na saba.

Na ji dangin Nahla sun zo binciken aure, kin ce musu ni likita ne. Adda, ki koma ki gyara. Jinin birai nake aunawa. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu kashe duk inda cuta ta kama. Yadda suke gane cutar, gadonsa ake yi, kuma ya bambanta ko tsakanin wa da ƙani, shi ya sa cuta take kayar da wani biri ta bar ɗan'uwansa. Wannan bambancin nake bi.

Ogan ɗakin bincikenmu yakan sa sunana can ƙasa a rahotannin da muke bugawa. Da ciwo, amma bai taɓa cire shi ba, kuma ina son aikin.

Idan baffanta ya tambaya ko har keji nake wankewa, ki ce eh, wani lokaci. Gara ya hana ni ita yanzu, da ta sauko daga jirgi tana neman asibitina.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Ɗanburam