Hodar Zinare a Kan Rubutun Marigayi

Litinin, 3 ga Maris

Ban faɗa wa kowa ba. Ni na zuba hodar.

Yaya tana yin 'yan kunne da mariƙin makulli da rezin, ruwan nan da yake daskarewa ya koma kamar gilas. Ni juyawa ce aikina. Innar da ke saman bene ta kawo wata 'yar takarda, rubutun mijinta na ƙarshe kafin ya rasu, a rufe mata a cikin mariƙin makulli. Yaya ta ce garau za a yi shi, ba kala. Da ta fita amsa waya sai ruwan ya yi min lami a ido. Na ɗebi hodar ƙyalli mai ruwan zinare a bakin tsinke. Ɗan kaɗan fa. To, sau biyu.

Talata, 4 ga Maris

Ya daskare. Hodar ta kwanta a kan takardar. Ba rubutu, sai ƙyalli.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya ta ɗauka ita ce ba ta wanke kofin haɗi ba. Tana ta faɗa da kanta: "Shekara huɗu ina wannan sana'a!" Ta juyo ta ce, "Ke Shiru-shiru, ko ke ai ba za ki tafka wannan shirmen ba." Na yi dariya. Wai har da dariya.

Juma'a, 7 ga Maris

Inna ta sauko. Ta kai mariƙin bakin taga tana karkatawa. Yaya ta ce ko za a rubuta mata kalmomin a wani sabo. Inna ta ce, "Ai na san abin da ya ce, 'yar nan. Hannunsa nake son gani." Ita ce ma ta koma lallashin Yaya. Ni kuma ta shafa min kai.

Ta bar shi a gwada gogewa da samfefa, takardar nan mai kaushi.

Asabar, 8 ga Maris

Samfefa ba ta yi ba. Takardar ta fara cinyewa. Wata ta kawo zaren asibiti na hannun jaririnta, Yaya ta ce ta daina karɓar kayan tunawa, wai ita hannunta ba shi da amana.

Lahadi, 9 ga Maris

Na tuna rubutun sarai: "Na fita, kada ki jira ni da shayi." Na kwaikwaya a bayan littafin lissafi. Gwaji na tara ya yi kama, har na tsorata. In na rufe shi a sabon rezin na ce ainihin takardar ce na ciro... idon Inna ba ya gani sosai.

Talata, 11 ga Maris

Na yaga shafin.

Yaya ta ce wa zai mayar wa Inna kayanta, ita kunya ba za ta bar ta ba. Na ce ni. Ta dube ni, don ko gaisuwa ba na hawa yi.

Na ce ta zo mu hau tare, akwai maganar da ba zan iya faɗa sau biyu ba.