Jirgin da Ya Dawo da Baya

Halifax, Maris 1943

Yaya Delphine,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Mama. Safiyar Talata ina bakin tashar jiragen ruwa da gudumata, sai ga jirgin su mijinki, wana Yaya Wilfred, ya shigo da baya. Goshin jirgin babu, nakiyar jirgin ƙarƙashin ruwa ta yanke shi. Da ya fuskanci gaba da ruwa ya cika shi, shi ya sa suka juya shi, suka ratso teku a haka. Duk ma'aikata muka cire hula ba wanda ya ce a cire.

Tsohon jirgi ne, tun yaƙin duniya na farko aka ƙera shi. Amma shekara uku yana raka jiragen abinci zuwa Ingila, ya tsamo mutanen da ba su ƙirguwa daga ruwan ƙanƙara. Na duba masu sauka ɗaya ɗaya. Ban ga Yaya ba tukuna.

Ƙaninki,
Alcide

Chéticamp

Alcide,

Muna gaishe ka. Shafi guda ka cika da yabon ƙarfe, mijina layi ɗaya. Ka san a goshin nan yake kwana. Waya ta zo daga sojan ruwa, wai ba a san inda yake ba. Na ɓoye wa Mama, tana nan tana saƙa masa safa. Fada, limamin cocinmu, ya ce gara a yi addu'ar mamaci ran Lahadi. In ka san wani abu faɗa mini, in ba ka sani ba kada ka lallashe ni.

Delphine

Yaya Delphine,

Gaisuwa. A roƙi Fada ya dakata.

An sa mu aikin gyara cikin jirgin. Bango ɗaya ne ya tsaya tsakanin mutanen jirgin da teku, an tokare shi da katakai, har da teburan cin abinci. Na daɗe a tsugune ina kallon yankan. Saran bahago ne irin na Yaya, bakin kowane katako an fere shi sau biyu, yadda Baba ya koya mana ni da shi. Bayan nakiya aka yi aikin nan, ba kafinta ba.

Na tambayi mai dafa abincinsu. Ya ce wani Bafaranshe irinmu mai zagin katako ya yini cikin ruwa har ƙirji, daga baya aka ɗauke shi zuwa wani jirgin tare da masu rauni, a ruɗe, ba a rubuta suna ba. Ban ga fuska ba, don haka ba zan tabbatar miki shi ne ba tukuna. Kullum ina jira a tasha.

Alcide

Alcide,

Na gaya wa Mama duka. Ta ce Fada ya jira, ta ci gaba da saƙa. Ni ba na iya barci.

Delphine

Yaya Delphine,

Yau da safe aka sauko da Yaya Wilfred daga wani jirgin a kan gadon ɗaukar majinyata. Sanyi ya cinye yatsun ƙafarsa ta dama, sauransa lafiya. Bai ma gaishe ni ba, ya ce: "Kai ƙaramin, ya iso?" Na nuna masa jirgin a wurin gyara. Ya rufe fuska da bargo, ya daɗe. Sannan ya tambaye ki.

Ba ni kaɗai na gani ba. Shugaban aikinmu Angus Gillis yana wurin, da nas mai suna Hazel Corkum, da Théo ɗan gidan Aucoin na bayan coci. Théo zai iso gida Juma'a, ki tambaye shi.

Ƙaninki,
Alcide