Sha Biyun Rana a Gidan Kawu

Juma'a, 5 ga Satumba, 2025

Kwanana uku a Kuala Lumpur. Ina gidan Kawu Tajuddeen a Pantai Dalam kafin in samu ɗaki, kuma ba zan wuce wata ɗaya ba. Agogo talatin da ɗaya ne a falon nan, na ƙirga, kowanne da ƙas-ƙas ɗinsa. Ni da na zo karatun digiri na biyu, da wane kan zan yi shi?

Amma a faɗi gaskiya, suna da kyau. Na katako, na baƙin dutse, na tagulla, jere a kanta. Shekara ashirin da shida yana koyar da lissafi a garin nan, duk Lahadi yana kasuwar tsofaffin kaya. Tun da matarsa ta rasu, daga shi sai su.

Yau ranar yi musu wani ce, wato murɗa su da makulli. Ko kallon makullan ba ya yi, da yatsa yake gane na kowa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa ce min Murja ba. Ya ce, "Uwata, doka biyu ce. Ba a mayar da hannun agogo baya. In kuma kin kai shi kan awa, ki jira ya gama maganarsa."

Lahadi, 14 ga Satumba

Yaya Adnan, ɗansa, ya kira daga Abuja. Wai in sa wa babansu ido, in na ga abin da bai yi min ba in faɗa masa, tikiti kawai zai yanka ya dawo da shi gida. Na ce agogunan fa? Ya ce a sayar da tarkacen. Na ce to. Raina bai so kalmar nan ba.

Laraba, 24 ga Satumba

Na samu nawa a cikinsu. Ɗan akwatin tagulla ne mai gilashi ta ko'ina, da mariƙi a ka, kana ganin hanjinsa yana motsi. Kawu ya ce matafiya ne ke shiga keken doki da irinsa. Yana da madanni a sama, in ka danna sai ya sake buga awar da ta wuce, don mai tafiya cikin duhu. Mutanen da sun iya tunani. Na danna ya fi sau goma, Kawu yana ta dariya.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Khaulah, 'yar ajinmu, ta ce akwai ɗaki a gidansu a Setapak ƙarshen wata. Na ce a ajiye min.

Talata, 7 ga Oktoba

Umma ta sha ba ni labarin sha biyun rana a gidan yayanta, wai duk agogunan tare suke bugawa, har maƙwabta na zuwa ji. Yau na zauna na saurara. Wani ya fara tun saura minti shida, na ƙarshe bai gama ba sai da ta wuce da takwas. Kawu na kan kujera. Sai na ga ya miƙa hannu ya danna madannin nan. Da rana tsaka, ga fuskar agogon a gabansa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na yi mana tapau, wato na sayo abinci a ƙunshe, daga mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi. Ya zo zuba shayi, ya zuba a gefen kofi. Ya ce butar ce ta karkace. Butar lafiyarta lau.

Yanzu na gane. Wani da hannu ake yi, shi ya sa ba wanda ya tsaya. Saiti kuwa sai da ido. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Litinin, 13 ga Oktoba

Yaya Adnan ya turo saƙo: "Ya jikin tsoho?" Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. In na faɗa, an raba shi da su ke nan. In na yi shiru kuma idon ya ƙarasa, ni ce. Ban amsa ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Da safe ya sauka wurin mai aski, na ɗauki wayata na bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu jinkiri na tura su gaba a hankali. Masu sauri na tsayar da su na jira lokaci ya cim musu, tun da ba a komawa baya.

Ya dawo, ya yi wanka, ya zauna da shirin masallaci. Sha biyu ta yi. Ban san yadda zan rubuta shi ba. Gaba ɗaya suka ɗauka, mai kauri da mai siririyar murya, har tsigar jikina ta tashi. Ashe abin da Umma ke faɗa ke nan.

Kawu ya saurara har suka gama. Can ya ce, "Baƙin nan na kusa da taga ya riga su da kaɗan." Na ce zan gyara. Ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun shayi. Ya ce, "Kin gaya wa Adnan?" Na ce a'a, amma Litinin za mu ga likitan ido, in ya ƙi, yau zan kira Yaya Adnan. Ban san inda na samo bakin nan ba, ni da ba na iya haɗa ido da shi.

Ya ce, "Boleh," wato ya yarda, da yaren garin. Ya laluba aljihu ya miƙo min makullan, hannun ya ɗan kauce wa inda nake tsaye. Na matsa na karɓa.

Litinin, 20 ga Oktoba

Yanar ido ce, a duka biyun, za a yi aiki wata mai zuwa. Na dama dai likita ba ta yi alkawari ba. Kawu da kansa ya kira Yaya Adnan, na ji yana cewa ba inda za shi, yana da mai duba masa lokaci.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Na ce wa Khaulah ta ba wata ɗakin. Setapak ta yi nisa da makaranta, shi ne kawai dalili.

Baƙin na kusa da taga har yanzu yana gardama. Na bar laccar ƙarfe sha ɗaya tun ba a tashi ba, don kar sha biyu ta same ni a bas.