Ƙafar Inna

Gure, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Mairamu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ciwon bayan nan naki? Mu nan lafiya lau. An koma lakwal, an ba ni aji mai yara saba'in da ɗaya, Allah dai ya ba mu haƙuri.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Na san halinki da waya: in na aiko saƙon murya sai kin buɗe shi a tsakar gida har mai kawo ruwa ya ji. Wannan maganar kuwa ke kaɗai nake so ki sani.

Yaya, ciwon Inna ya same ni. Wata biyu ina shan ruwa ba ƙoshi, sai na je likitar unguwarmu. Majo, mai duba marasa lafiya a gidan likitar, ya soki yatsana ya auna, bayan kwana uku ya sake aunawa, ya ce sukari ne, amma bai yi nisa ba tukuna. Ya ba ni ƙwayoyi, ya hana ni shayi mai zaƙi da dabino. Sannan ya dube ni sama da ƙasa ba ko kunya, ya ce sai na rage kilo goma sha biyar, in riƙa tafiya da sauri kullum da safe ina haɗawa da ɗan gudu, in dai ina son ƙafafuna su raka ni tsufa. Bai san 'yar wadda aka yanke wa ƙafa yake gaya wa ba.

Ni Ummu, gudu! Rabona da gudu tun ranar da bijimi ya kwance a kasuwar Kelle muna yara. Na sayi takalmin baskit wajen masu gwanjo. Ban san ƙafar wa ya baro ba, amma warinta na nan, wanki uku bai fitar da shi ba.

Shekaranjiya bayan sallar asuba na sa wando a ƙarƙashin zane, na zumbula hijabi, na bi ta bayan gari don kada a gan ni. Ashe bayan gari da sassafe ba wurin mutunci ba ne. Kowane tudu da mai tsugune a bayansa, yana gyaran murya wai kada in matso. Ga leda, ga mushen jaki da ungulaye sun fara, ga ƙarangiya ta cika mini zane har gwiwa. Rairayi kuwa in ka taka sai ya haɗiye ƙafar ya ƙi sakinta. Na taka wani abu mai laushi wanda na tabbata ba na akuya ba ne.

Duk wannan da sauƙi a kan jikina. Daga famfo zuwa gindin aduwa, taku ɗari ba su cika ba, na tsaya dafe da gwiwa ina kakarin amai, bakina kamar na tsotsi tsohon kwabo. Komai nawa rawa yake, wani sashe ma bai san na tsaya ba. Cinyoyina sun goge juna har sun saɓule. Jikin nan da mata ke yabawa a gidan biki, suna cewa Baban Raihana ya iya kiwo, ranar na tsane shi. Na dawo na yi wanka sau biyu, na zauna gaban shayi ba sukari ina hararsa.

Amma jiya na fita, yau ma na fita. Ki sa ni cikin addu'a. Ki gaishe da Alhaji da yara.

Ƙanwarki,
Ummul Kulsum

Gure, 30 ga Oktoba

Yaya Mairamu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya gida, ya yara? Takardarki ta iso da ƙullin zogale, na gode Allah ya bar zumunci. Kin ce kin yi kuka, daga baya kin yi dariya. To tanadi sauran dariyar.

Ƙazantar bayan gari ta kore ni, na koma bin gefen titin gudron. Hanyar ta bi ta kwata, inda jinin jiya yake kwance yana tashi, amma gara wannan. Sai dai ta bi kuma ta gaban Zara mai waina, wadda ke hura wuta tun kafin a kira salla. Rana ta biyu ina wucewa ina haki, fuska jage-jage da gumi, sai ji na yi an cafke mini hannu. Zara ta ja ni cikin zaurenta, ta zaunar da ni, ta shiga ba ni haƙuri. Ta ce aure duk haka yake, in dubi Raihana, in koma ɗakina kafin gari ya waye a gan ni. Yaya, wai yaji na yi!

Na ce mata motsa jiki nake, majo ne ya sa ni. Ta gyaɗa kai cike da tausayi, ta ce Allah ya yi mini albarka da nake rufa wa mijina asiri. Ta tura mini waina shida da yaji da mai. Na ƙi ci, ta ce ai baƙin ciki haka yake hana mutum abinci.

Ban ambaci sukari ba. Kin tuna yadda aka yi wa Inna da aka ji: kowace mace da kwanon jiƙonta mai ɗaci, kowacce da labarin wanda ciwon ya kashe, ana yi mata kallon gawa tana zaune. Ba zan iya ba.

Kafin mako ya zagayo duk unguwa ta san matar tela tana yaji kullum da asuba tana dawowa. Na rage kilo biyu, abin da ya kamata in yi murna da shi, sai ya zama shaida: ga ta nan tana ramewa. Bawan Allah da bai taɓa ɗaga mini murya ba, liman ya tsayar da shi bayan magariba ya yi masa nasiha a kan haƙƙin mace. Ya dawo ya kasa cin tuwo.

Shi ya kawo dabarar ya riƙa raka ni, don a ga lafiya muke. Kin san shi, siriri ne amma shekara ashirin yana zaune a kan keken ɗinki. Ya fito da silifa da jallabiya. Ni da na yi sati uku ina abu ɗaya sai na ba shi rata, yana bayana yana tari yana kiran sunana in jira shi. A gaban Zara. Da hantsi labari ya kai kasuwa cewa an ga Burahima tela yana biko a guje, matar ta ƙi tsayawa.

Wallahi mutane sun fita raina. Namiji ya tsuguna a bayan tudu ba wanda ya ce uffan, mace ta nemi lafiyarta ta zama abin kallo. Kuma gudun kansa bai daɗa mini daɗi ko kaɗan ba. Masu cewa in an saba ana jin daɗinsa maƙaryata ne.

A gaida kowa da kowa.

Taki,
Ummu

Gure, 12 ga Nuwamba

Yayata,

Salamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Yau ba ni da dogon labari.

Takalmin gwanjon nan ya yi mini bororo a ƙaramin yatsa, ya fashe. Na cire safa na ga ruwa-ruwa. Na rufe ɗaki, na kama ƙafar na kai hanci ina shinshinawa. Majo ya wanke ya ɗaure, ya ce in huta har ya warke, in nemi takalmi daidai ƙafata. Kwana shida ke nan ban fita ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi, daɗi na ji. Mata suna ta shigowa yi mini barka wai na haƙura na zauna. Maganar ta kai Kelle, Kawu Ma'azu ya aiko cewa yana tafe ran Juma'a. Na san abin da zai ce, kuma wani sashe na zuciyata yana so ya faɗa in huta.

Akwai abin da na daɗe ina riƙe da shi. Lokacin da Inna take kwance a gidanki kafin a yanke ƙafar, na zo da niyyar wata guda, na yi kwana uku na ce darakta ya kira ni gyaran jarrabawa. Ba wanda ya kira ni, Yaya. Warin ne. Ranar da kika ce in riƙe miki ƙafar ki wanke, na ga abin da ke ƙarƙashin tsumman, na ji ƙyamar uwar da ta haife ni. Inna ta ga fuskata, ta ja zane ta rufe ƙafar, ta ce in je in sha iska. Na bar ki da kwano da tsumma wata huɗu.

Da nake shinshina yatsana Raihana na tuna. Ita ba ta da yaya da za ta bar wa.

Ki yafe mini in za ki iya.

Ummul Kulsum

Gure, 24 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji, ina tambayar lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya. Na karanta takardarki sau uku. Ashe kin sani tun ranar cewa ba darakta, kika ma raka ni tasha kika saya mini ƙuli. Kuma ashe ke ma bayan ɗaki kike zagayawa ki yi amai ki dawo ki ci gaba. Shekara shida ina zaton ke zuciyarki daban ce. Allah ya saka miki, ni ba ni da abin biyanki.

Kawu ya zo. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ya sa mu gaba ni da Baban Raihana. Ya ce 'ya'yan gidanmu ba sa gudu a titi. In an cuce ni in shiga mota da rana tsaka in zo gida kamar mutum, in ba a cuce ni ba in daina zubar wa bawan Allah mutunci. Baban Raihana ya gaya masa gaskiyar ciwon da abin da majo ya ce. Kawu ya yi salati, ya jajanta, sannan ya ce ciwo da lafiya na Allah ne, in sha ƙwayoyina in zauna a ɗakina, majo ba waliyyina ba ne. Ya ce a jefar da takalmin nan.

Saura kaɗan in ce to. Har na buɗe baki. Sai na ga ƙafata a miƙe da ɗaurinta, na kwance tsumman a gabansa, abin da ban taɓa yi gaban babba ba. Kaina a ƙasa na tambaye shi, ranar da aka yanke ƙafar Inna wa aka miƙa wa ita.

Na ɗauka Kawu zai yi fushi. Da ya buɗe baki muryarsa ba tasa ba ce. Ya ce shi aka miƙa wa, a naɗe cikin farin ƙyalle. Ya sa a kwali, ya hau kabu-kabu ya ɗora a cinya, bai taɓa sanin ƙafa tana da nauyi haka ba. Shi kaɗai ya haƙa rami a gefen maƙabartar garinku Damagaram. Ya ce da zai sa ta ƙyallen ya zame, ya ga sauran lalle a farcen ƙanwarsa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har ke. Na ce masa ba na so a sake miƙa masa wata. Ya ja rawani ya rufe fuska, ba a ƙara maganar takalmi ba.

Ciwon yatsan ya warke. Baban Raihana ya samo mini takalmi sabo daidai ƙafata. Ran Lahadi da na fito bayan salla na tarar da Kawu a ƙofar gida da sandarsa. Bai dube ni ba, ya wuce gaba har rumfar Zara, ya zauna a bencinta ya sa a zuba masa waina, ya yi mini nuni da sanda in wuce. Duk wanda ya tsaya kallo sai ya ce masa 'yarsa ce, shi ya aike ta. Kwana biyu ya yi haka kafin ya koma Kelle.

Kada ki ɗauka an gyaru. An daina cewa yaji, yanzu wai iskokai ne ke fitar da ni. Kwata na nan da warinta, cinyoyina na nan da man kaɗe, kuma kullum in ƙararrawar waya ta buga sai na tsine wa gudun nan kafin in sa ƙafa ƙasa. Yanzu ina kaiwa gindin aduwa ta uku ban tsaya ba. Da yamma in zauna in wanke ƙafafuna da kaina, in duba tsakanin yatsu ɗaya-ɗaya kamar yadda majo ya nuna mini.

Inna tana kwance wuri biyu, Yaya, ƙafa a Damagaram, sauran a Kelle. Ni in ranata ta zo ina so a ɗauke ni gaba ɗaya a sa ni wuri guda.

Don Allah ki je a soki yatsanki ke ma, cikin makon nan. Nono ɗaya muka sha.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ummul Kulsum